Kitsen jiki, firinta da gyambon da ya ƙi rufewa

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Mahaifina yana da ciwon suga, kuma gyambo ya fito masa a ƙasan babban yatsan ƙafar dama tun kafin azumi. Ana ta wanki, ya ɗan kame, ya sake buɗewa. Jiya wani ya turo mini bidiyo a WhatsApp, ana nuna an zuƙi kitse daga cikin mutum, an ɗura a wata firinta, ta fitar da wani ɗan faci mai laushi, an manna a kan ciwon, wai cikin 'yan makonni ya rufe. Wanda ya turo ya ce yana da hanyar fitar da mutum waje a yi masa, in dai akwai kuɗi. Yayyena har sun fara maganar sayar da fili. Don Allah masu sani, abin nan gaskiya ne ko damfara?

Injiniya Auwal:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ilimin da ke bayan bidiyon gaskiya ne. Shi mai hanyar kuwa ba zan yi masa shaida ba. A ɗakin binciken da nake karatu a nan Turkiyya muna aiki da irin wannan firinta, bari in ɗan warware.

Kitsen da ke ƙarƙashin fata ba mai ne zalla ba. A tsakaninsa, musamman a jikin ƙananan hanyoyin jini, akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda 'yan talla ke kira sitem sel, wato ƙwayoyin halittar da ba su gama tsayawa a kan aiki ɗaya ba. A 2001 Patricia Zuk da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka nuna cewa kitsen da likitocin gyaran jiki ke zuƙewa su zubar cike yake da su, kuma a ɗakin gwaji ana iya karkatar da su su zama kitse, ko guringuntsi, ko ƙashi. Kafin nan an fi sanin su a ɓargo, sai an huda ƙashin ƙugu a zuƙo. Kitse ya fi sauƙin samu, kuma ya fi ɓargo yawan su nesa ba kusa ba.

Ana zuƙo kitsen da sirinji, a wanke, a zuba masa sinadarin da ke narka zaren da ya ɗaure shi, a bar shi a ɗumin jiki, digiri 37, kamar rabin awa zuwa awa guda, sannan a sa a injin da ke juyawa da gudu. Mai ya taso sama, ƙwayoyin su kwanta a gindin kwalba. Su ake cuɗawa da wani abu mai yauƙi, kolajin ko jelatin ko sinadarin daskarar da jini, ya zama tawadar firinta. Tun 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson ya juya firintar ofis ta yau da kullum ta riƙa ɗiga ƙwayoyin halitta masu rai.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin Ibrahim Ozbolat na Jami'ar Penn State da ya fito a 2024. Sun karɓi kitsen mutane daga ɗakin tiyata, suka raba biyu. Daga kashi ɗaya suka fitar da ƙwayoyin tushe, daga ɗayan suka wanke ƙwayoyin tas suka bar saƙar da ke riƙe da su. Sai suka buga su kai tsaye a cikin rauni a kan ɓeraye, ana cikin tiyatar. Fata shimfiɗa uku ce. Shimfiɗar kitse ta ƙasa da ta tsakiya suka buga, ta saman ta tsiro da kanta cikin mako biyu. Har aka ga alamun farkon saiwar gashi. Duk wanda ya san fannin nan ya san gashi ba ƙaramin abu ba ne, domin fatar da ake haɗawa a ɗakin gwaji a sanƙo take fitowa.

Dakta Bilkisu:
Injiniya ya yi bayani daidai, sai dai kalma ɗaya nake so Baban Hanifa ya riƙe daga ciki: ɓeraye. Ɓera ba ya warkewa yadda mutum ke warkewa. Fatarsa sako-sako ce, tana da wani siririn tsoka a ƙasa da ke janyo bakin rauni ya haɗe. Ɗan Adam sai ya cike ramin da sabon nama sannan fata ta rarrafo daga gefe. Shi ya sa masu wannan bincike ke wucewa kan aladu, don fatar alade ta fi kusa da tamu. Masu bincike na Wake Forest a Amurka sun gwada firintar da ke auna zurfin rauni ta cike shi, sun wallafa a 2019, a kan ɓeraye da aladu. Na Toronto sun yi ta riƙewa a hannu, su ma aladu. Kuma dukkansu rauni ne mai tsabta da aka yanka da wuƙar tiyata a jikin dabba mai jini a jika. Ƙafar dattijo mai suga wata duniya ce daban.

Baban Hanifa, ka amsa mini waɗannan. An duba ko jini na isa ƙafar, ko da da hannu ne a ji bugun jijiya a bayan idon sawu, ko an yi hoton jijiyoyi? An yi hoton ƙashi? Nawa sugansa ke kaiwa da safe? Kuma yana taka ƙafar?

Baban Hanifa:
Dakta, hoton ƙashi ba a yi ba, na jijiya ma ban taɓa ji ba. Suga wani lokaci yana haura 15. Takawa kuwa yana yi, salla biyar a masallaci yake yi, ba mai iya hana shi. Yana cewa ai ba ya masa zafi.

Dakta Bilkisu:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Rashin zafin nan shi ne babban haɗarin, suga ya kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Duk takun da ya yi yana murƙushe sabon naman da ya fara tsirowa jiya. Ko da an kawo firintar duniya an buga masa faci yau, gobe da asuba zai taka shi zuwa masallaci. In kuma jini ba ya isa wurin, ƙwayoyin da aka zuba kamar iri ne aka watsa a kan fako, ba ruwa ba danshi. In ƙwayar cuta ta kai ƙashi, rufe saman ma ƙara ɓarna ne.

Abin da aka tabbatar yana aiki tsoho ne kuma ba ya shiga bidiyo: a kankare mataccen nama da kirtar da ta kewaye ciwon, a ɗauke wa wurin nauyi da filasta ko takalmi na musamman, a sauko da suga, a kashe ƙwayar cuta, a gyara hanyar jini in ta toshe. Ku kai shi asibitin koyarwa mafi kusa da ku, a haɗa shi da likitan suga da likitan tiyata. Kada ku sayar da fili. Akwai kuma wani abu da 'yan talla ba sa faɗa: ƙwayoyin tushen da aka ɗebo daga kitsen tsoho mai suga ba su kai na matashi mai lafiya kuzari ba, bincike da yawa ya nuna haka. Ga kuma sabon rauni da za a buɗe masa a ciki wajen zuƙar kitsen.

Ustaz Nura:
Baban Hanifa, ka gaya wa Baba cikin ladabi cewa rashin lafiya uzuri ne da shari'a ta karɓa. Ya yi sallarsa a gida, a zaune in ta kama, ladansa na nan. Ƙafar da zai koma masallaci da ita shekaru masu zuwa ita ake so a tsare.

Injiniya Auwal:
Dakta, duk na yarda da abin da kika ce game da Baba. Amma ina da ja a kan cewa abin bai wuce dabbobi ba. Facin da ke cikin bidiyon, ina kyautata zaton irin na kamfanin Rokit Healthcare ne na Koriya ta Kudu. Suna ɗaukar hoton ciwon, kwamfuta ta zana siffarsa, a niƙa kitsen mai ciwon a buga daidai da ramin. An yi wa mutane masu gyambon suga, an kuma wallafa sakamako.

Dakta Bilkisu:
Na karanta wasu daga ciki. Mutane kaɗan ne, kuma zaɓaɓɓu, waɗanda jini ke isa ƙafarsu, ba ruɓa, sugansu a saisaice. Irin wannan mutum ko da wankin ciwo mai kyau kaɗai akwai yiwuwar ya warke. Sannan a lura, abin da firintar ta fitar ba fata ba ce. Niƙaƙƙen kitse ne da aka ba shi siffa. Tambayata ita ce, wane ne ya yi aikin, kitsen ko firintar? Domin in kitsen ne, ni ma da sirinji zan iya shimfiɗa shi.

Injiniya Auwal:
A kan ƙaramin gyambo mai faɗin kwabo, na yarda hannu zai iya. Firinta tana nuna kanta ne inda ake son shimfiɗa uku, kowace da irin ƙwayoyinta da kaurinta, a fuska ko a fatar kai. Hannu ba ya iya jera wannan. Aikin Ozbolat ma a kai aka yi shi.

Malam Habu:
Ni fa duk wannan ban ga komai ciki ba sai neman kuɗin Turawa. Yau sitem sel, gobe wani abu. Ga shi nan ana yawo da garinsa a leda a unguwarmu, wai na tuffa ne, a zuba ƙarƙashin harshe, yana maganin suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ana karɓar dubban nairori a hannun talakawa. Kakanninmu da zuma da man shanu suka yi ta warkar da ciwo.

Dakta Bilkisu:
Malam Habu, a kan garin ledar nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ƙwayar halittar tuffa ba ta zama ta mutum, balle wadda aka busar aka niƙa. Na ga masu suga da suka ajiye allurarsu saboda shi. Amma kada haushin 'yan damfara ya sa mu watsar da aikin da ya ceci rayuka.

A 1975 Howard Green da James Rheinwald suka gano yadda ake renon ƙwayoyin fatar mutum a kwalba su yaɗu. A 1983 aka kawo wasu yara biyu 'yan gida ɗaya Boston, wuta ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na fatarsu. Daga 'yar fatar da ta rage aka yanki ɗan kaɗan, aka rene ta, aka lulluɓe su, suka rayu. A 2002, bayan harin bam na Bali, Fiona Wood ta karɓi mutum 28 a asibitin Perth na Ostireliya, ta yi amfani da dabararta ta fesa wa ƙuna ƙwayoyin fatar mai ƙunar. Amurka ba ta amince da na'urar fesawar ba sai 2018. A 2015 a Bochum ta Jamus, wani yaro ɗan Siriya mai cutar gado da ke saɓule fata, an gyara ƙwayoyin tushen fatarsa a ɗakin binciken Michele De Luca na Italiya, aka sauya masa kusan kashi 80 cikin 100 na fatar jikinsa, ya koma makaranta.

Zuma kuwa har yanzu muna sa ta a wasu raunuka, tana da amfani. Sai dai zuma ba ta mayar da fatar da ta ƙone har ƙasa.

Nas Maman Sadik:
Ku bari mu da ke wankin ciwo mu sa baki. Wanda bai taɓa shiga ɗakin 'yan ƙuna da sanyin hunturu ba ba zai gane dalilin da ya sa nake addu'ar abin Injiniya ya tabbata ba. Yara masu rarrafe da suka dafa gaushi, mata masu farfaɗiya da suka faɗa murhu, masu risho da aka zuba wa kananzir mai gauraye da fetur. In an yi dashen fata, daga cinya ake fere ta da wuƙa, siririya, a huhhuda ta don ta miƙe ta rufe wuri mai faɗi. Marasa lafiya da yawa za su ce miki cinyar ta fi ƙunar zafi. Ranar buɗe bandeji, wajen kwana biyar, kowa zuciyarsa a hannu take. In kin ɗaga auduga a hankali kin ga dashen ya yi ja-ja ya manne, sai hamdala. In kin ga ya yi fari yana zamewa a kan ruwan ciwo, aikin ya tashi, kuma cinyar da aka fere sai ta yi mako biyu ko fiye kafin a sake waiwayarta.

Wanda ya ƙone rabin jiki fa, ina za a fere? Lokacin gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu, da yawa ba nan take ba, a gadon asibiti. Bayan wata uku aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Mai irin wannan ƙuna ruwan jikinsa ke tsiyayewa, ƙwayar cuta ta samu ƙofa a buɗe.

Kuma don Allah jama'a, in ƙuna ta faru, ruwan famfo mai sanyi na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a taho. Ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai. Mu muke shan wahalar kankare su, yaron yana ihu.

Injiniya Auwal:
Anti, wannan shi ne dalilin da ya sa nake wannan karatu. Fatar Green mako uku take ɗauka kafin ta isa dasawa, tana bukatar ɗaki na musamman da wutar da ba ta ƙiftawa, kuma siririya ce ƙwarai, saman fata ne kawai. Kitse kuwa a ɗakin tiyata za a zuƙa, a tace, a buga a ranar. In akwai dabarar da za ta iya zama a ƙasashenmu, wannan ce ta fi kusa. Firintar kanta ba ita ce mai tsada ba, ɗalibai suna juya ta buga roba ta koma ta tura sirinji. Tsoron da nake ji shi ne mu zauna muna cewa bai kai ba, bai kai ba, har ya kai, sannan mu saya da dala.

Dakta Bilkisu:
Ƙanena, ban ce a zauna ba. Amma ka faɗa wa jama'a babbar matsalar da ku kanku ba ku warware ba: jini. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisan da ya wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga hanyar jini. Siririn dashe yana tsira ne don kwana biyun farko yana tsotsar ruwan da ke ƙasansa, kafin hanyoyin jini su haɗu. Ka buga abu mai kauri, tsakiyarsa ta mutu kafin jini ya iso.

Injiniya Auwal:
Haka ne, kuma nan ne kitse ya fi sauran. Yawancin ƙwayoyin da aka zuba ba sa daɗewa, ba su ne ke zama sabuwar fata ba. Aikinsu kafin su mutu shi ne fitar da sinadaran da ke kiran hanyoyin jini su tsiro, su kwantar da kumburi, su zaburar da ƙwayoyin gefen rauni. Ruwan da aka tace daga kitse ma yana zuwa da ƙwayoyin bangon hanyoyin jini a cikinsa. Gino Rigotti a Italiya ya nuna tun 2007 cewa allurar kitse tana farfaɗo da naman da hasken da ake gasa ciwon daji da shi ya ƙona.

Dakta Bilkisu:
Na sani, kuma shi ya sa nake bibiyar fannin. Amma ga labarai biyu da suka sa ba na gaggawa. A 2015 a Fulorida wani asibitin kuɗi ya yi wa mata uku tsofaffi allurar ƙwayoyin kitsensu a cikin ido biyu, wai maganin raunin gani. Dukkansu ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Kowace ta biya dala 5,000. Kitsen nasu ne, ba na wani ba, don haka masu cewa "ai daga jikinka ne, ba zai cutar ba" su ji. Na biyu, maganin Alofisel, wanda aka yi da ƙwayoyin tushen kitse don yoyon dubura na masu cutar kumburin hanji da ake kira Crohn. Turai ta amince da shi a 2018 bayan gwaji na gaskiya. Da aka sake gwaji mafi girma, bai fi allurar da ba magani a ciki ba, a ƙarshen 2024 aka janye shi. Wannan kamfani ne babba mai bin doka, ba ɗan WhatsApp ba.

Zainab:
Dakta, ni mai sikila ce, gyambon idon sawu ya daɗe yana wahalar da ni, ya rufe ya dawo. An taɓa yi mini dashe, bai zauna ba. Ina karanta ku ina jin daɗi, sai na dubi jikina. Ina kitsen da za a zuƙa? Yawancinmu ba mu da shi.

Nas Maman Sadik:
Allah ya ba ki lafiya 'yata. Tambayarki ta tuna mini yaran Asibitin Noma na Sakkwato, waɗanda cutar ta cinye musu kumatu da leɓe. Su ne suka fi kowa bukatar a sake gina musu fuska, kuma yunwa ce ta fara kai su ga cutar. Sai an yi ta ciyar da su kafin ma a yi maganar tiyata.

Injiniya Auwal:
Malama Zainab, ƙaramin gyambo ba ya cin kitse da yawa, ana iya samu a cinya ko ƙugu ko a jikin siririn mutum. Ana kuma iya renon kaɗan ya yawaita, ko a karɓa daga wani, don irin waɗannan ƙwayoyi ba sa tayar da garkuwar jiki sosai. Sai dai da zarar an shiga reno, an koma ga ɗaki na musamman da tsada.

Dakta Bilkisu:
Zainab, matsalar gyambonki daga jinin take, ƙananan hanyoyin da ke ciyar da fatar idon sawu ne ke toshewa, shi ya sa dashen bai zauna ba. Ki riƙe likitan jininki, ki tambaye shi game da ɗaurin matsi da ɗaga ƙafa. Duk wanda ya ce zai yi miki sitem sel, ki tambaye shi takardar kwamitin ɗa'ar bincike da lambar rajistar gwajin. Gwaji na gaskiya ba ya karɓar miliyoyi a hannun mara lafiya.

Elhaji Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin ku daga Maraɗi. Tambayata ga Malam ce. Na ji Injiniya ya ambaci jelatin, na kuma ji ana cewa daga fatar alade ake yin sa. Ya halatta a manna wa Musulmi? Kuma cire kitse daga ciki a mayar ƙafa, ba canza halitta ba ne?

Ustaz Nura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ta biyun ta fi sauƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wani sashe na jikin mutum a mayar wani wuri a jikinsa, in amfanin ya rinjayi cutarwar, kuma don magani ne ko gyara aibin da ke damun mutum. Mayar da abu yadda Allah ya halicce shi ba canza halitta ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa kuma a Makka, 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe in an samo su ta halastacciyar hanya, kamar daga baligi da izininsa ba tare da cutar da shi ba, ko daga mabiyiya da cibiya da izinin iyaye.

Jelatin akwai saɓani. Taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa ya rikiɗe ya bar asalinsa, don haka ya tsarkaka. Wasu malaman ba su gamsu cewa rikiɗar ta cika ba. Inda aka haɗu shi ne, in akwai na halal shi za a ɗauka, in babu kuma lalura ta kama, ga sauƙin da shari'a ta yi.

Injiniya Auwal:
Allah ya saka, Malam. Akwai na saniya da na kifi, mu nan da na saniya muke aiki. Saƙar da aka wanke daga kitsen mutum kuwa ta raba gardama, ba dabba a ciki.

Elhaji Ɗan Maraɗi:
Madalla. To tunda an ambaci kifi, na taɓa gani a talabijin ana lulluɓe ƙuna da fatar kifi.

Dakta Bilkisu:
Gaskiya ne Alhaji, a Fortaleza ta Burazil, da fatar karfasa. Ana wanke ta, a kashe ƙwayoyin cuta, a shimfiɗa a kan ƙunar da ba ta yi zurfi sosai ba. Ba ta zama fatar mutum, rufi ce, tana rage zafi da yawan canjin bandeji har ta ƙasa ta warke. Don Allah kada wani ya sayo a kasuwa ya manna, tsabtace ta aikin ɗakin gwaji ne. Amma karfasa muna da ita, jami'o'i muna da su.

Akwai kuma abin da ba a cika tattaunawa a can ba, mu kuwa dole ne: launi da tabo. Fatar da aka buga ba tare da ƙwayoyin launi ba fara take fitowa. Yarinya baƙa da farin faci a kumatu, an rufe rauni amma an bar ta da abin da za ta riƙa ɓoyewa da mayafi. Jikinmu kuma ya fi saurin yin tabo mai kumbura ya wuce iyakar ciwon. Ga zufa. Fatar da ba ƙofofin zufa, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi, azaba ce, ga ƙaiƙayi ga tsagewa.

Injiniya Auwal:
Masu bincike a Singafo sun buga fata mai ƙwayoyin launi a 2018, amma a kwalba, kuma launin bai yi duhu irin namu ba. Daidaita shi da na mai jiki aiki ne da ke gaba. Ba wanda zai sa shi a gaba kamar mu.

Dakta Bilkisu:
To ga abin da nake ganin za a iya farawa ba tare da jiran firinta ba. Patrick Tonnard na Beljiyam ya bayyana wata dabara a 2013: a haɗa sirinji biyu baki da baki, a tura kitse tsakaninsu sau 30 har ya zama ruwa, a tace. Ƙwayoyin kitsen sun fashe, na tushen suna nan. Ba sinadari, ba reno. Muna da tulin masu tabon ƙuna da ya tsuke musu wuya ko hammata ko yatsu. A nemi izinin kwamitin ɗa'a, a raba tabon mutum ɗaya gida biyu, rabi a yi masa allurar, rabi ruwan gishiri, wanda zai auna kada ya san wanne ne wanne. In ya yi aiki a fatarmu mun sani, in bai yi ba mun sani.

Injiniya Auwal:
Ina ciki, Dakta. Zan iya rubuta manhajar da za ta auna faɗi da launin tabo daga hoton waya. Wata nawa za a bi su?

Dakta Bilkisu:
Shekara guda aƙalla. Tabo ba ya nuna gaskiyarsa kafin nan.

Nas Maman Sadik:
To nan ne aikin yake. Yawancinsu daga ƙauye suke, in an sallame su kuɗin mota ke hana su dawowa, lambar wayar da suka bari ta maƙwabci ce ko ta ɗan achaɓan da ya kawo su. Sai a sa kuɗin motarsu cikin lissafi tun farko, a kuma haɗa kai da ma'aikacin asibitin ƙauyensu ya riƙa ɗauko hoton. Injiniya, manhajar taka ta yi aiki a ƙaramar waya, kuma a riƙa ajiye rula da farar takarda a gefen tabon, don hasken ɗaki da na tsakar gida ba ɗaya ba ne.